Jakar Samfur da Gidan da Aka Bari: Sana'ar Yawon Talla a Amurka da Wasannin da Ta Haifa

Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa shekarar 1959, dandamalin wasan kwaikwayo na Amurka ya cika da wasannin da ke kewaya jigo guda, wato yadda neman abin duniya ke shiga tsakanin uba da ɗa, da tsakanin miji da mata, har ya bar gida a tsaye babu zumunci a cikinsa. Masu nazari sun saba danganta wannan jigo da abin da ake kira burin Amurka, wato imanin da ya ratsa ƙasar cewa duk wanda ya dage da aiki, ko ɗan wane ne, zai fita daga talauci ya kai ga wadata. Wannan dangantawa gaskiya ce, sai dai ta yi faɗi da yawa, domin idan aka duba gidajen da marubutan suka tashi a ciki, aka kuma duba aikin da suka ɗora wa iyayen da ke cikin wasanninsu, za a tarar da sana'a guda tana ta dawowa, ita ce sana'ar wakilin kamfani mai yawon talla, wanda ke ɗaukar jakar samfur ya bi garuruwa yana neman masu kanti su yi odar kaya, a biya shi la'ada gwargwadon cinikin da ya kawo. Tarihin wannan sana'a ne ya fi komai bayyana dalilin da ya sa uban da ke cikin waɗannan wasanni ba mugu ba ne kuma ba marowaci ba ne, mutum ne mai son 'ya'yansa wanda bai san wani ma'auni da zai auna su da shi ba sai wanda kamfani ke auna shi da shi.

Tushen sana'ar yana wurin 'yan koli na jihohin arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ake kira New England, waɗanda tun farkon ƙarni na 19 suke loda kwanoni da agogunan bango da allura da zare a keken doki su nausa ƙauyukan kudu da na yamma. Ɗan koli na wancan zamani yana kusa da falken da ke bin hanyar Gwanja a da, domin kayan nasa ne ko bashinsu ya ɗauko, riba da faɗuwa duka a wuyansa suke, kuma ko da kasuwa ta ƙi shi yana da hajar da zai koma gida da ita. Abin ya sauya bayan yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865, lokacin da layin dogo ya bazu har ya haɗa gaɓar gabas da ta yamma a 1869. Manyan 'yan sari na New York da Philadelphia da Boston, waɗanda a da suke zaune suna jiran masu kanti su zo sayayya sau ɗaya ko sau biyu a shekara, sai suka fara tura wakilai su bi masu kantin har garuruwansu. Wannan sabon matafiyi ba ya ɗauke da haja, samfur kawai yake nunawa ya rubuta oda, kamfani ya aiko da kayan ta jirgin ƙasa. Ƙidayar jama'a ta 1870 ta samu irin waɗannan mutane kimanin 7,000, zuwa 1900 kuwa sun haura 90,000, musamman bayan da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1887 cewa jihohi da garuruwa ba su da ikon ɗora harajin lasisi a kan wakilin da ya zo neman oda daga wata jiha.

Rayuwar da sana'ar ta tanadar wa mai ita ta jirgin ƙasa ce da ɗakin otal. Mutum yakan bar gida makonni, wani lokaci watanni, matarsa ce ke riƙe da yara da lissafin cefane, shi kuma idan ya dawo ya zo da tsaraba da labaran garuruwan da ya ce kowa ya san shi a cikinsu. Jama'a sun yi wa 'yan sana'ar shaidar shaye-shaye da caca da neman mata, kuma su kansu sun san akwai ƙamshin gaskiya a wannan shaida. Hujja mai ƙarfi a kan haka ita ce ƙungiyar Gideons, wadda wasu Kiristoci masu yawon talla suka kafa a 1899 bayan biyu daga cikinsu sun haɗu a ɗakin wani otal a garin Boscobel na jihar Wisconsin, kuma daga 1908 ta fara ajiye Littafi Mai Tsarki a ɗakunan otal-otal, al'adar da take nan har yau a ƙasashe da yawa. Mutanen da suka ga bukatar a ajiye musu littafin addini a gefen gadon haya sun san abin da kaɗaicin hanya ke yi wa aure.

Abin da ya fi nisan gida illa shi ne irin mutumin da sana'ar ke bukata. Tun da wakilai goma na iya shiga kanti guda da kaya iri ɗaya a kan farashi kusan ɗaya, abin da ke raba su shi ne fara'a da iya zance da tuna sunan ɗan mai kanti, wato dai halin mutum ya zama wani ɓangare na haja. John H. Patterson, wanda ya sayi kamfanin ƙera na'urar lissafin kuɗin ciniki a garin Dayton na jihar Ohio a 1884 ya raɗa masa suna National Cash Register, shi ne ya mayar da wannan fasaha tsari. Ya sa an rubuta wa wakilansa kalmomin da za su haddace su faɗa wa mai kanti, ya buɗe musu makarantar koyon talla a farkon shekarun 1890, ya yanka wa kowa yankinsa, ya kuma yanka masa adadin cinikin da dole ya kawo, wanda ya cika a karrama shi a gaban 'yan'uwansa, wanda ya gaza a sallame shi. Thomas J. Watson, wanda daga baya ya jagoranci kamfanin da ya zama IBM, a hannun Patterson ya koyi aiki, kuma ta hanyar irinsa tsarin ya bazu. Daga nan darajar mutum ta koma lamba da ake rubutawa a allo kowane wata, kuma shekarun da ya yi yana bauta wa kamfani ba sa shiga cikin wannan lamba.

Wannan tsari ya samu aƙidar da ta ɗaure masa gindi. Littattafan Horatio Alger, waɗanda suka fara tashe da Ragged Dick a 1868, sun tarbiyyantar da yara a kan labarin yaro matalauci da gaskiya da himma suka ɗaukaka. Russell Conwell, limamin coci da ya kafa Jami'ar Temple a Philadelphia, ya gabatar da laccarsa mai suna Acres of Diamonds fiye da sau 6,000, yana koyar da cewa yin arziki wajibi ne a kan mutumin kirki. A 1936 Dale Carnegie, wanda shi ma ya taɓa yawon talla, ya fitar da littafinsa kan yadda ake samun abokai da jan ra'ayin mutane, aka sayi miliyoyinsa. Aibin wannan koyarwa yana ɓoye a bayanta: idan arziki sakamakon hali nagari ne, to rashinsa shaida ce ta naƙasu a jikin mutum, kuma uban da bai yi arziki ba ba shi da wanda zai zarga sai kansa, ba shi da inda zai nemi fansa sai a jikin ɗansa.

Ana cikin wannan wa'azi ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin sana'ar. Aaron Montgomery Ward, wanda shi ma tsohon mai yawon talla ne, ya fara sayar da kaya ta gidan waya a 1872, kamfanin Sears ya biyo baya, manomi ya koma zaɓar kaya a littafin hotuna. Manyan kamfanoni masu rassan kantuna, irin su A&P da ya mallaki kantuna fiye da 15,000 a wajejen 1930, ba sa bukatar wani ya zo ya yi musu fara'a, daga hedkwata suke sari kai tsaye. Tallan jarida da na rediyo da kuma tarho suka ƙara rage bukatar tafiya. A daidai wannan lokaci ne sayen kaya bashi ana biya kaɗan-kaɗan ya zama ruwan dare, mota da firji da injin wanki duka suka shiga gida kafin a biya kuɗinsu, ƙarshen kowane wata ya zama ranar hisabi ga mutumin da samunsa ba tabbas. Sai kasuwar hannun jari ta rushe a watan Oktoba na 1929, zuwa 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba su da aiki. A tsakiyar wannan durƙushewa ne, a 1931, masanin tarihi James Truslow Adams ya yayata kalmar burin Amurka a littafinsa The Epic of America.

Yaran da suka ga wannan da idonsu su ne suka girma suka rubuta wasannin. Tennessee Williams, wanda aka haifa a 1911 a jihar Mississippi, ɗan mai yawon tallan takalma ne da ba ya zama a gida, kuma da uban ya samu aikin ofis a kamfanin International Shoe a birnin St. Louis, zaman tare bai kawo kusanci ba, ƙarshe ma ya cire ɗan daga jami'a ya tura shi aiki a kamfanin. A wasansa The Glass Menagerie, wanda aka fara nunawa a Chicago a 1944, uban ba ya fitowa ko sau ɗaya, hotonsa ne kawai rataye a bango, uwa kuma ta ɗora wa ɗa da 'yarta nauyin cika burin da mijin ya gudu ya bari. Eugene O'Neill, wanda ya ci kyautar Nobel a 1936, ɗan wani shahararren ɗan wasa ne da ya kwashe shekaru yana yawo da wasa guda daga gari zuwa gari saboda yana kawo kuɗi, kuma a ɗakin otal aka haifi Eugene ɗin a 1888. A wasansa The Iceman Cometh, da aka nuna a 1946, mai yawon talla ne jigon labarin, mutumin da ya yi ta cin amanar matarsa a kan hanya tana yafe masa, har nauyin yafiyar ya fi ƙarfinsa ya kashe ta.

Arthur Miller ne ya kai wannan jigo maƙura. An haife shi a New York a 1915, mahaifinsa Bayahude ne da ya zo daga Poland yana yaro, ya kafa masana'antar ɗinkin rigunan sanyi na mata mai ɗaruruwan ma'aikata, rushewar 1929 ta cinye dukiyar, iyalin suka tashi daga Manhattan suka koma ƙaramin gida a Brooklyn, shi kuma Arthur sai da ya yi aiki a sito na kayan gyaran mota kafin ya tara kuɗin shiga Jami'ar Michigan a 1934. Wasansa na farko da ya karɓu shi ne All My Sons na 1947, wanda ya ɗauko wani ɓangare nasa daga binciken da kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Harry Truman ya yi kan wata masana'antar injin jirgin sama a jihar Ohio da aka samu tana wuce da kaya masu aibi lokacin yaƙi. A cikin wasan, Joe Keller ya bari an aika wa sojoji sassan inji masu tsagewa don kada kwangila ta kuɓuce masa, matuƙan jirgi 21 suka mutu, ya ɗora laifin a kan abokin kasuwancinsa aka ɗaure shi. Kariyar da yake kawowa idan an tsare shi ita ce don 'ya'yansa ya yi, don ya bar musu masana'anta. Amma ɗansa matuƙin jirgi da ya ji labarin ya halaka kansa saboda kunya, ɗayan kuma ya ƙi gadon. Miller ya nuna cewa furucin nan na don iyali na yi, wanda ake fakewa da shi a ko'ina a duniya, yana iya zama wuƙar da ke yanka iyalin.

A lokacin da ake gwajin wannan wasa a Boston, Miller ya ci karo da Manny Newman, mijin 'yar'uwar mahaifiyarsa, mai yawon talla, a harabar gidan wasan, kuma kamar yadda Miller ya ba da labari a tarihin rayuwarsa, mutumin bai yi masa barka ba, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne cewa nasa ɗan ma yana samun ci gaba. Newman ya rayu yana gasa da kowa ta hanyar 'ya'yansa biyu, daga baya ya kashe kansa. A 1948 Miller ya gina ɗan ɗakin katako da hannunsa a garin Roxbury na jihar Connecticut, ya rubuta Death of a Salesman, wato mutuwar mai yawon talla, cikin kimanin makonni shida. An buɗe wasan a gidan wasa na Morosco a New York ranar 10 ga Fabrairu, 1949, Elia Kazan ne darakta, Lee J. Cobb ya fito a matsayin Willy Loman, aka nuna shi sau 742, ya kuma ci kyautar Pulitzer.

Duk tarihin da aka zayyana a sama yana cikin gidan Loman. Mahaifin Willy ɗan koli ne irin na da, yana sassaƙa sarewa da hannunsa yana sayarwa a keken doki, sannan ya tafi Alaska ya bar iyali. Wan Willy, mai suna Ben, ya shiga dajin Afirka ya fito da arzikin lu'ulu'u, ya zame wa ƙanensa fatalwar da ke tuna masa damar da ta wuce. Willy kuwa ya zaɓi sana'ar ne saboda ya taɓa ganin wani tsoho ɗan shekara 84 da ke ciniki ta tarho daga ɗakin otal, wanda mutane da yawa suka halarci jana'izarsa, ya ɗauka a wannan sana'a ake samun ƙauna. Yanzu ya haura sittin, ya yi wa kamfani guda aiki fiye da shekara talatin a yankin New England, an cire masa albashi an bar shi da la'ada tsura, yana karɓar rancen dala 50 kowane mako a wurin maƙwabcinsa Charley ya kai wa matarsa Linda a matsayin abin da ya samo, ita kuma ta sani ta yi shiru. Da ya je roƙon ɗan mai kamfanin, wanda ya gaji kujerar ubansa, a ba shi aikin zama a New York, ya fara daga dala 65 a mako ya sauko 50 ya sauko 40, aka ƙare da sallamarsa. Ko sau ɗaya wasan bai faɗi irin kayan da ke cikin jakar samfurin ba, kuma da gangan aka yi haka, domin abin da Willy ya kwashe rayuwarsa yana tallatawa shi ne kansa.

Ɓarnar da ta fi girma a kan 'ya'yan ta faɗa. Willy ya koya wa Biff da Happy cewa kwarjini da farin jini sun fi karatu, yana yi wa Bernard ɗan Charley ba'a saboda naci ga littafi, kuma da Biff ya ɗauko ƙwallo daga makaranta ba izini, uban ya yaba masa da ƙarfin hali. Biff ya faɗi jarrabawar lissafi, ya hau jirgi zuwa Boston don ubansa ya je ya roƙi malamin, tun da ya yarda babu wanda zai iya ƙin maganar ubansa, sai ya tarar da shi da wata mata a ɗakin otal, har ya ba ta sababbin safa alhali mahaifiyarsa na gida tana ɗinke tsofaffi. Matar ma ba don so kaɗai ba ce, ma'aikaciya ce da ke iya shigar da shi wurin masu sayen kaya, wato ko cin amanar ma ciniki ne ya haife ta. Daga ranar Biff ya watsar da karatu, ya kai shekara 34 yana aikin ƙodago a gonakin yamma, yana sata duk inda ya samu aiki, har ya yi zaman kurkuku na wata uku. Happy ya zama ƙaramin ma'aikacin kanti mai ƙarya da neman mata, Bernard da ake wa ba'a kuwa ya zama lauyan da ke tsayawa a gaban Kotun Ƙoli. Bai kamata a karanta wannan a matsayin nasarar karatu kan wasa kawai ba, domin abin da ya raba gidajen biyu shi ne Charley bai taɓa ɗora wa ɗansa nauyin wanke masa kunya ba.

Fitowar da ta fi kowace nauyi ita ce ta daren ƙarshe, inda Biff ya tsaya a gaban ubansa ya roƙe shi ya yarda cewa su biyun talakawa ne kamar kowa, ya ƙyale shi ya rayu a haka, sannan ya faɗa jikinsa yana kuka. A nan Willy ya gane, da mamaki, cewa ɗansa na sonsa duk da bai kawo ciniki ba. Abin tausayin shi ne ba shi da harshen da zai mayar da wannan so da shi sai na kuɗi, don haka ya fita da mota ya halaka kansa domin iyalin su karɓi dala 20,000 na inshorar rai, yana lissafin irin matsayin da Biff zai taka da wannan jari. Inshorar rai yarjejeniya ce da mutum ke biyan kamfani wani abu a kai a kai don a ba magadansa dunƙulallen kuɗi bayan mutuwarsa, kuma a hannun Miller ta zama hanyar da mutum ke sanya wa kansa farashi. Jana'izar da ya yi mafarkin za ta cika da 'yan kasuwa daga jihohi, iyalinsa ne kawai da maƙwabcinsa da ɗan maƙwabcin suka halarta, a ranar da Linda ta biya kason ƙarshe na bashin gidan da suka yi shekara 25 suna biya. Happy ya tashi daga kabarin da alwashin cika burin uban, abin da ke nuna cutar ta sami wanda zai gaje ta.

'Yan kasuwar Amurka sun gane da su ake. Lokacin da kamfanin Columbia ya mayar da wasan fim a 1951, tsoron a ce yana sukar jari-hujja a zamanin farautar 'yan gurguzu ya sa ya shirya wani gajeren fim da za a nuna kafinsa, inda malaman makarantar kasuwanci ke bayanin cewa Willy ba shi ne misalin mai talla na zamani ba, sai da Miller ya yi barazanar zuwa kotu aka janye shi. Masu suka a fannin adabi kuma sun ce mutum irin Willy ya yi ƙanƙanta da zama gwarzon wasan ban tausayi, wato irin wasan da tun zamanin Girkawa aka keɓe wa faɗuwar sarakuna, Miller ya amsa musu da maƙala a jaridar New York Times cewa talaka ma yana da mutuncin da zai iya ba da ransa a kai.

Gyaran da wannan al'ada ke bukata ya zo ne daga Lorraine Hansberry, wadda wasanta A Raisin in the Sun ya buɗe ranar 11 ga Maris, 1959, tana da shekara 28, ta zama baƙar fata mace ta farko da aka nuna wasanta a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York. Wasan ya fara daga inda na Miller ya tsaya, da cekin inshora na dala 10,000 da ke zuwa wa iyalin Younger a kudancin Chicago bayan rasuwar maigida. Uwar, Lena, ta ba da kafin alƙalami na dala 3,500 a kan gida a unguwar fararen fata, ta damƙa ragowar ga ɗanta Walter Lee, direban wani attajiri, da sharaɗin ya ajiye dala 3,000 don karatun likitanci na ƙanwarsa Beneatha, shi kuwa ya zuba duka a shirin buɗe shagon giya, abokin shirin ya gudu da kuɗin. Hansberry ba ta yarda a raina kuɗi ba, domin iyalin da ke raba banɗaki da maƙwabta, yaro yana kwana a falo, matar ɗa tana tunanin zubar da ciki saboda rashin wuri, ba za a yi musu wa'azin gudun duniya ba. Abin da ta raba shi ne neman rufin asiri da neman a ce wane ne, kuma ta bar Walter ya dawo hayyacinsa lokacin da wakilin fararen unguwar ya zo da tayin saye gidan da riba don kada su tare, ya ƙi karɓa a gaban ɗansa. Hansberry ta san wannan rikici daga gida, domin shari'ar mahaifinta kan irin wannan unguwa ta kai Kotun Ƙoli a 1940. A cikin wasan akwai ɗalibi ɗan Nijeriya, Joseph Asagai, kuma shi ne ya nuna wa Beneatha rashin dacewar a ce burin gida gaba ɗaya ya rataya a kan mutuwar mutum.

Jigon ya tsallaka iyakar ƙasar da ta haife shi. A 1983 Miller ya je Beijin ya shirya wasan da kansa da 'yan wasan ƙasar Sin, Ying Ruocheng ya fassara shi ya kuma fito a matsayin Willy, a ƙasar da a lokacin ba ta da masu yawon talla kuma jama'a ba su saba da inshorar rai ba, amma 'yan kallo suka gane uban da ke son ɗansa ya zama abin da shi ya kasa zama.

A wannan shekara ta 1983 aka fara nuna Glengarry Glen Ross na David Mamet a Landan, ya ci kyautar Pulitzer a 1984, kuma shi ne ya nuna inda sana'ar ta kwana. Masu tallan da ke cikinsa dillalan filaye ne a Chicago, suna sayar wa mutane fuloti marasa amfani a jihar Florida, kamfani ya sa musu gasa ta wata guda inda na ɗaya zai samu mota ƙirar Cadillac, na ƙasa kuma a kore su, wato allon Patterson ne ya dawo ba tare da fara'ar da ta lulluɓe shi a da ba. Mamet, wanda ya taɓa aiki a irin wannan ofis, bai sa gida a dandamali ba ko kaɗan, gidan abinci ne da ofis kawai, kuma babu mace ko yaro cikin 'yan wasan. Iyali ta bakin wasu kawai yake leƙowa, misali: matar wani mai saye da ta matsa wa mijinta ya soke ciniki, wadda dillalin ke ɗauka a matsayin cikas da za a kewaye da ƙarya, da kuma 'yar tsohon dillali Shelly Levene, wadda yake ambata a taƙaice yayin da yake roƙon manaja ya ba shi sunayen masu saye nagari, da kuma bayan an gano shi ne ya fasa ofis ya sace sunayen, manajan kuwa bai sassauta masa ba a duka lokutan biyu.